Shin Na'urar Mayar da Lambobi Sauti Na Ci Gaba da Sauri?

Duk waƙa ko karatun da ke cikin wayarka lambobi ne zalla, sifiri da ɗaya. Kunne kuwa ba ya jin lamba, motsin iska yake ji. Don haka tsakanin fayil da lasifika dole a sami wani ɗan guntu da zai mayar da lambobin nan wutar lantarki mai hawa da sauka, ita kuma ta girgiza lasifikar. Shi ake kira DAC. Kamfanoni irin su ESS, AKM da Cirrus Logic suna fito da sabon samfuri a kai a kai, kowanne da alƙaluman da suka zarce na baya, har mai saye ya ɗauka fasahar gudu take yi. A ganina ta daɗe da isa iyakar abin da kunnen ɗan Adam ke iya rarrabewa. Saurin da ake gani yanzu na araha ne da ƙanƙancewa.

Da Sony da Philips suka fito da faifan CD a 1982, sun tsayar da ma'auni: a ɗebi samfurin sauti sau 44,100 a daƙiƙa, kowane samfuri da bit 16. Ba da ka suka zaɓa ba. Kunnen matashi mai lafiya ba ya wuce girgiza 20,000 a daƙiƙa, lissafi kuma ya nuna in an ɗebi fiye da ninki biyu na hakan, za a iya dawo da sautin cikakke. Bit 16 kuwa na ba da tazarar kusan desibel 96 tsakanin mafi raunin sauti da mafi ƙarfinsa. Matsalar wancan zamani ita ce ƙera guntun da zai cika wannan alkawari. Na'urar Philips ta farko ma guntu mai bit 14 ta yi amfani da shi, aka cike giɓin da dabarar ninka samfuri sau huɗu. A nan aka yi tsere na gaske, har zuwa ƙarshen shekarun 1980 da wani tsari da ake kira delta-sigma ya bazu, wanda galibin na'urori ke kai har yau.

Wani zai ce ai ga na'urori masu bit 24 da 32 a kasuwa. Gaskiya ne, kuma a takarda bit 24 desibel 144 ne. Sai dai zafin da ke cikin kayan lantarkin kansa yana haifar da ƙara, shi ya sa na'urori mafi inganci ke tsayawa wajen desibel 120 zuwa 130. Wajen desibel 120 kuwa shi ne inda sauti ke fara sa kunne zafi. A 2007 Brad Meyer da David Moran sun gwada mutane ba tare da sanar da su abin da ake kunna musu ba, suka kasa bambanta sautin matakin CD da wanda ya fi shi. Bai kamata a ɓoye ba, a 2016 Joshua Reiss na Jami'ar Queen Mary da ke Landan ya tattara gwaje-gwaje da dama ya ga ana iya jin bambanci, musamman bayan horo, amma tazarar da ke tsakanin sakamakon da canki-canki ƙarama ce ƙwarai. Mai ɗaukar murya a situdiyo yana da hujjar neman bit 24, domin yana buƙatar sarari wajen haɗa sauti da gyara shi. Mai saurare ba wannan aiki yake yi ba.

Inda injiniyoyi suka cancanci yabo shi ne wajen sauko da ingancin hannun kowa. Lokacin da Apple ya cire kafar abin kunne daga iPhone 7 a 2016, sai DAC ya koma cikin wata 'yar igiya ta dala 9, kuma kowane abin kunne na Bluetooth yana ɗauke da nasa, yana aiki da batiri ɗan mitsitsi. Wanda sauti bai masa daɗi ba yau, ya fara duba lasifikarsa, da ɗakin da yake zaune, da fayil ɗin da aka matse aka sake matsewa kafin ya iso wayarsa.