Alkawarin rage hayaƙi: daga Rasha zuwa Gidimuni

1. Gabatarwa

Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan canjin yanayi a 1995, ta kafa hukumar CNEDD a 1996, kuma ta amince da yarjejeniyar Paris a 2016. Manufar wannan ƴar maƙala ita ce a nuna cewa darajar alkawarin rage hayaƙi mai ɗumama duniya tana ga ma'aunin da aka ɗauka.

2. Misalin Rasha

Yarjejeniyar Kyoto ta 1997 ta ɗauki shekarar 1990 a matsayin ma'auni. Rasha da Yukren sun yi alkawarin ba za su zarce hayaƙinsu na wannan shekara ba. To amma Tarayyar Sobiyat ta wargaje a 1991, masana'antu da yawa suka tsaya, hayaƙin Rasha ya faɗi da fiye da kashi ɗaya cikin uku. Ke nan an cika alkawari ba tare da an sake hali ba.

3. Matsayin Nijar

Kyoto ba ta ɗora wa Nijar wani adadi ba. A tsarin Paris kuwa, kowace ƙasa ita ke rubuta nata alkawari. Nijar ta gabatar da nata a 2015, ta sabunta shi a 2021. Ma'auninta shi ne hayaƙin da ake hasashen za ta fitar in ba a ɗauki mataki ba, kuma wani sashe ya dogara da kuɗin waje. Galibin hayaƙin ƙasar daga noma, kiwo da saran itace yake fitowa, ko da yake matatar man SORAZ ta fara aiki kusa da Damagaram a 2011.

4. Abin da ake gani a ƙasa

Saboda haka a gona ake cika alkawarin. Tun shekarun 1980 manoman Mirya, Magarya da Matamai ke barin gawo ya tsiro cikin hatsi, itacen da ke riƙe iskar kabon tare da ƙara wa ƙasa taki. A Gidimuni kuwa, rairayi na barazana ga tafki da garaken dabino da rake, don haka kafe tudun rairayi ya zama tilas.

5. Kammalawa

Raguwar hayaƙin Rasha ta zo ne daga rushewar tattalin arziki. Ta Nijar tana bukatar gumin manomi. Ya kamata duk lissafin da za a kai gaban duniya ya ƙidaya wannan aiki, kuma kuɗin da aka samu dominsa ya iso ga masu yin sa.