Baƙon Funtuwa, Ga Shawarata

Duk abokin aikin da ya tambaye ni me zai ci a Funtuwa, garin da auduga da jirgin ƙasa suka raya, nakan ce ya karya da waina da miyar taushe, da la'asar ya nemi tsire mai zafi. Tsaraba kuwa, Ɗandume ce gidan masara da shinkafa, Ɗanja ta rake da mazarƙwaila, Malumfashi ta dawa. Sai dai ya gama cinikinsa rana na sama, domin 'yan bindiga sun mai da tafiyar dare kasada. Kada kuma ya matsa wa manomi wajen tayi, domin a bakin ransa ya noma buhun nan.