Karatun Hutawar Zuciya Ba Baƙo Ba Ne A Zauren Malamai

A ɗakunan karatu na jami'o'in ƙasashe da yawa akwai wata al'ada: ɗalibai da ma'aikata su kan zaɓi littafi guda wanda ba ya cikin darasin kowa, su karanta a gida, ran da aka yanka su taru su yi hira a kansa. Ba jarrabawa, ba takardar shaida, hutawar zuciya kaɗai a ke nema. Tun da aka kafa jami'a a Dutse cikin 2011, babban ɗakin karatu ya matso kusa da 'ya'yan Birnin Kudu da Gwaram, har da na Dingaya. Amma akwai dattawan da su ke ganin karatun da ba hukunci a ciki, ba nahawu, ɓarnar man fitila ne kurum.

To, a auna wannan magana. Duk malamin da ya yi nisa cikin lugga ya san Maƙamatul Hariri, maƙama 50 a kan wani tsoho mai wayo, Abu Zaidi Assaruji. Yau ya tsaya yana wa'azi har jama'a su zub da hawaye su cika masa hannu, gobe ga shi gaban alƙali shi da ɗansa suna ƙarar ƙarya don su sami ɗan abin masarufi. Almajiri ya kan ce lugga ya zo nema, gaskiya ne kuwa, amma wane zaure ne aka karanta wannan littafi ba a yi dariya ba? Tun kafin Hariri ma, Alƙali Tanuhi, wanda ya rasu shekara ta 384 ta Hijira, ya tara littafin Alfaraju Ba'adash Shidda, labarun waɗanda suka faɗa kurkuku, ko bashi, ko hannun 'yan fashi, sa'an nan buɗi ya zo musu. Shi kansa ya ɗanɗana tuɓewa da tsarewa. Watau alƙali ne ya rubuta wa masu baƙin ciki magani da tawada.

A ƙasar Hausa kuwa, sa'ad da Rupert East na ofishin fassara na Zariya ya sa gasar ƙaga labari cikin 1933, ya sha wuya kafin ya shawo kan malamai, don a wurinsu tatsuniya aikin mata ce da yara. Duk da haka 'ya'yan gidan malanta suka ciri tuta. Abubakar Imam ya rubuta Ruwan Bagaja, wansa Malam Bello Kagara, wanda daga baya ya zama Walin Katsina, ya rubuta Ganɗoki. Wanda ya san Hariri in ya bi Alhaji Imam da Malam Zurƙe cikin Ruwan Bagaja, lalle zai ji ƙanshin Abu Zaidi.

Likitocin zamani su ma sun biyo sawu. Cikin 2013 aka soma wani shiri a Ingila, likita ya rubuta wa mai damuwa sunan littafi, ya je ɗakin karatun gari ya ara. Cikin 2016 masana na jami'ar Yale ta Amurka suka ba da labarin mutum 3,635 masu shekara 50 zuwa sama, waɗanda aka bi shekara 12, suka ce masu karanta littattafai sun ɗara sauran da kamar wata 23. Wannan lissafin mutane ne, ajali kuwa na Allah ne, amma ba abin yarwa ba ne.

Abin dubawa shi ne hirar bayan lisha. Majalisa tana nan, tabarma tana nan, sai dai sau da yawa kowa ya sunkuya kan wayarsa. Falken da ya komo daga kasuwar Sara, kansa cike da lissafin bashi, in bai sami abin da zai sauke masa wannan kaya ba, da shi zai kwana.

Mutanen Dingaya ba sa bukatar gini irin na Dutse kafin su yi abin da 'yan jami'a ke yi. Can kowa da littafinsa. Nan kuwa guda ɗaya ya isa, in akwai mai murya da zai karanta, saura su saurara, su yi gardama a kan wanda ya yi wauta da wanda ya yi dabara. Wanda bai iya boko ba, da wanda idonsa ya yi rauni, duk an tafi da su. Magana Jari Ce, littafi uku, ya isa a ci rani guda da shi. Hariri kansa haka aka yi da nasa: cikin 504 ta Hijira aka karanta maƙamominsa a Bagadaza, yana zaune, malaman birnin suna saurare, zama bayan zama, har aka sauke.