Daga Soket Zuwa Injin Niƙa: Abubuwan Mamakin Lantarki a Mubi

 Yau jakar tamu cike take da waya, a matso kusa amma kada a taɓa.

Ku duba filogi mai ƙafa uku: ƙafar sama ta fi sauran tsawo, domin ita ce ta wayar ƙasa. Ita ke fara shiga ta buɗe wa sauran biyun ƙofa, ita ce kuma ta ƙarshen fita. Babba da sallama, babba da rakiya!

Mubi da Kamaru maƙwabta ne, sai dai filogin Kamaru ƙafa biyu ne masu zagaye, namu kuwa masu kusurwa. Shi ya sa ake ganin mutum da tsinken ashana yana tura ƙofar soket, alhali ɗan mahaɗi mai araha ya raba gardama. A bar wa murhu ashanarsa.

Masu wayarin kan haƙa rami su kafa sandar ƙarfe, su zuba mata gawayi da gishiri don ƙasar ta riƙe danshi, wutar da ta ɓace hanya ta samu wurin zurarewa. A ƙasa mai tsakuwa irin ta gindin duwatsun Mandara aikin ya fi wuya, balle da rani, kuma gishirin kan ci ƙarfen a hankali, sai ana dubawa. Rami ma da nasa kayan miya!

Injin lantarki yana zuƙar wuta ninki 5 zuwa 7 a daidai lokacin da zai tashi, abin da ke sa ƙwan lantarkin unguwa ya lumshe ido idan mai niƙa ya kunna. Dabarar masana ita ce a tayar da shi da haɗin tauraro, wanda ke rage zuƙar zuwa kashi ɗaya cikin uku, in ya ɗauki gudu a mayar da shi haɗin kusurwa uku. Ko raƙumi ba ya miƙewa lokaci guda.

Injin mai layi uku, ka musanya wayoyi biyu kawai, sai ya juya da baya. Famfon burtsatse na ta gurnani, ruwa kuwa ɗis-ɗis, ana ta zargin rijiya. Baiwar Allah, ba ta ci ba, ba ta sha ba!

Na'urar sarrafa gudun inji ta fi burge ni. Rage wa babbar fanka kashi ɗaya cikin biyar na gudunta, wutar da take ci ta faɗi zuwa wajen rabi. Irinta ce kuma ke barin famfon sola ya fara a hankali da hantsi, ya kai ƙarfi da azahar. Sannu ba ta hana zuwa!

Wutarmu tana kai-komo sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka sau 60. Injin da ke juyi kusan 1,800 a minti can, a nan sai ya tsaya kusan 1,500. In kiɗa ya canza, rawa ma ta canza.

A tsohon tsarin launin waya na layi uku, shuɗiyar waya mai wuta ce, baƙa kuwa marar wuta. A sabon tsari sun yi musanya. Gidan da aka yi wa ƙari zai iya ɗauke da duka biyun a akwati ɗaya. Testa tukuna, hannu daga baya.

Wanda ya haɗa janareta da wayarin gida ba tare da makunnin sauya layi ba, wutarsa na iya bin waya ta koma tiransifoma, volt 230 ta haura zuwa 11,000, ta iske ma'aikacin da ke bisa turke yana zaton layi a kashe yake. Wannan kam ba ta dariya ba ce: a sa makunnin, don Allah.