Shirin Musamman: Katakon Iroko

Yau shirin namu zai leƙa kasuwar 'yan katako, mu ji abin da ya sa duk mai ginin da ya tambayi kuɗin iroko sai ya ɗan ja numfashi.

Iroko bishiyar kurmi ce, tsayinta kan kai mita 50. Daga kudu ake yo mana lodinta. A Gana odum suke ce mata, a gabashin Afirka kuma mvule. Idan aka tsaga ta ɗanya, cikinta rawaya ne, sai ta sha iska da rana ta rine ta koma ruwan ƙasa mai duhu.

Babban abin da ya ɗaga darajarta shi ne gara ba ta cinta da sauƙi, laima ma ba ta ruɓar da ita. Shi ya sa ake ƙofofi da tagogi da matakalar bene da ita, a Turai kuwa har jiragen ruwa da daɓen ɗaki. Daɓen iroko na jure zirga-zirga, in ya dushe a kankare shi, a shafa mai, ya dawo sabo fil.

To amma a kula. Wannan ƙarko na cikin nan mai duhu ne kawai. Farin gefen nan da ke kusa da ɓawo, tuwon gara ne. Wani ɗan kasuwar zai juya maka shi ƙasa, don haka ka ɗaga falankin ka duba bayansa da idonka. Ka kuma tabbatar ya bushe, domin ɗanyen katakon da ya taso daga laimar kudu, hunturu ɗaya ya ishe shi ya tsuke, daɓe ya buɗe baki.

Kafintoci ma suna da nasu kukan. Akan ci karo da wani abu kamar tsakuwa a cikin itacen, ya dakushe zarto nan take. Ƙurarsa kuma na jawo ƙaiƙayi da sarƙewar numfashi.

Tsadar fa? Dasa iroko a gandu na da wuya, saboda wani ƙwaro da ke addabar tohon ƙananan bishiyoyin. Galibin abin da ke kasuwa daga daji aka saro shi, manyan kuwa ƙarewa suke yi.

Malam kafinta, don Allah in za ka goge iroko, ka sa takunkumi, ka sa wa yaran shagonka.