Daga Ikaluwit zuwa Nuuk: Tafiyar Awa 2 da Takan Ci Kwanaki

Tun da Tarayyar Afirka ta mara wa masu neman a sauya taswirar duniya baya a Agustan 2025, ake ta ce-ce-ku-ce, wasu na cewa ai Turawa ne suka zauna suka rage wa Afirka girma da gangan. Gerardus Mercator dai, mai taswirar da ake ƙorafi a kanta, ya zana ta a 1569 ne don matuƙa jirgin ruwa, ta kuma yi musu aiki. Laifin na waɗanda suka liƙa ta a bangon aji ne ba su yi wa yara bayani ba.

A duba garuruwa biyu a can ƙuryar arewa: Ikaluwit, babban birnin yankin Nunabut na Kanada, da Nuuk, babban birnin Girinland. A taswira sai ka rantse wata uwa duniya ce tsakaninsu. Alhali kilomita 820 ne ko sama kaɗan, kusan nisan Kano da Legas ta sama.

A kife ƙwarya, a ja layuka daga tsakiyar bayanta zuwa baki. A baki layukan sun buɗe, amma suna hawa suna matsewa har su haɗe wuri guda. Haka layukan da suka tsaga duniya daga arewa zuwa kudu suke. A tsakiyar duniya tazarar digiri ɗaya ta kai kilomita 111, amma a wajajen digiri 64 na arewa, inda garuruwan nan suke, ba ta wuce 49 ba. Mercator ya miƙar da layukan nan sambal, ba sa haɗuwa, shi ya sa duk wani nisa a can ya ninka fiye da sau 2. Girinland ɗin da ake gani tana gogayya da Afirka, ko Aljeriya kaɗai ta fi ta faɗin ƙasa.

To amma kusancin bai tsinana wa mutanen komai ba. 'Yan ƙabilar Inuwit ne a duka ɓangarorin, harsunansu 'yan uwan juna ne, mashigin teku na Debis ne kawai ya raba su. Duk da haka shekara da shekaru, mai son zuwa Nuuk daga Ikaluwit sai ya fara yin kudu kilomita kusan 2,100 zuwa Otawa, ya tsallaka Atilantika zuwa Kopenhegan ko Aisland, sannan ya juyo da baya. Ga kuɗin tikiti, ga kwana a hanya. Dalili kuwa shi ne kowane ɓangare an ɗaure hanyoyinsa da inda ake mulkinsa, wannan Kanada, wancan Denmak. Kuma a Nunabut babu garin da titi ya haɗa da wani, jirgin sama shi ne motar haya.

Kamfanin Air Greenland ya gwada jigila kai tsaye daga 2012 zuwa 2014, ya dakata. Sai a Yunin 2024 ya dawo, da haɗin gwiwar kamfanin Canadian North: ƙaramin jirgi mai farfela, kujeru 37, sau ɗaya a mako, tafiyar kamar awa 2. Jami'ai sun sha tafi kamar sun haƙa rijiya a hamada, alhali jigilar ta 'yan watanni ce kawai. A waccan shekarar an rufe ta a Oktoba, wanda uzuri ya kama a Disamba kuwa sai dai ya nemi tikitin Otawa.