Motar da Ke Shan Ruwa Kullum Safiya

Akwai wata al'ada da ta zame wa masu mota jiki a ƙasar nan, wadda ni dai ba ta taɓa kwanta mini a rai ba. Mutum ya tashi da safe ya ɗaga bonet, ya fasa ledar fiya wata biyu ya ɗura a lagireto, ya rufe ya kama hanya. Gobe ma haka. In ka yi magana ya ce, "Ai haka take, tana ɗan shan ruwa." Mota ba ta shan ruwa. Ruwan inji kewaya yake yi a rufe, ya kwashi zafi ya kai lagireto, ya huce ya dawo, kuma mota mai lafiya takan yi watanni ba ta nemi ƙarin ko kofi ɗaya ba. In yana raguwa, to akwai inda yake bi yana fita.

Abin da ya sa nake damuwa shi ne, inji yana aiki ne a zafin da ya kai digiri 90 zuwa 100, dab da inda ruwa ke tafasa. Murfin lagireto ne ke hana shi tafasa, domin yana matse ruwan da ƙarfin da ya kai kimanin bar 1, wanda ke ɗaga tafasar zuwa wajen digiri 120. Da zarar an sami ƴar kafa, ko da ta kai bakin allura ce, matsin nan ya sulale. Sai a watan Afrilu, a cunkoson Kano ko kan titin Sakkwato, rana ta haura digiri 40, ka ga allurar zafi ta miƙe tsaye.

Kafin komai, kada a taɓa murfin nan inji na da zafi. Ruwan fesowa yake yi, yana saɓule fatar hannu da fuska, kuma tsumma ba ya karewa. A bar mota ta kwana. Fankar lantarki ma takan tashi da kanta ko an kashe mota, don haka a kiyaye yatsu.

Neman wurin yoyon shi ne rabin aikin. Ni abin da nake yi, da daddare nakan shimfiɗa kwali a ƙarƙashin inji, da safe in duba inda ya jiƙe, sannan in bi da tocila daga nan zuwa sama, tunda ruwa gangarowa yake yi kuma inda ya ɗiga ba lallai nan ya ɓullo ba. Ruwan da ke ɗiga fari tas bayan an kunna AC ba matsala ba ne. Wanda ake nema yana da launi, kore ko ja ko shuɗi, da ɗan santsi da ƙamshi mai zaƙi-zaƙi, ko kuma jan tsatsa in ruwan rijiya aka saba zubawa. Inda ya bushe yakan bar farin tabo. Wani yoyon kuwa ba ya nuna kansa sai inji ya ɗumama, to sai a tayar da mota a tsaya ana kallo.

Sau da yawa laifin na tiyo ne ko kilif ɗinsa, kuma wannan aikin gida ne. Matsa kowane tiyo da hannu. In ya yi laushi tiɓis, ko ya kumbura a bakinsa, ko ya bushe yana tsattsagewa, kwanansa ya ƙare. Sa roba a ƙasa, kwance makunnin da ke gindin lagireto ruwan ya tsiyaye, sassauta kilif da filaya ko sukudireba, ka murɗa tiyon a hankali ya saki. In ya manne, tsaga shi da reza ya fi ka ɓamɓare shi da ƙarfi, saboda bakin lagireton motocin yanzu na roba ne, ƙaryewa yake yi. Goge bakin tas, tura sabon tiyo har ƙarshe, ka ɗaure kilif a bayan ɗan tudun nan na bakin. Ka tafi kasuwa da tsohon a hannu, don lanƙwasar ta zo daidai. Ɗaurin tsumman roba na tayar babur zai iya kai ka gida daga hanya, iyakarsa ke nan.

Murfin kansa ana raina shi. In robarsa ta tsage ko sifirin ya saki, ruwa zai riƙa tserewa ta ƙaramin tanki, mai mota yana ta zargin lagireto. Sayi mai lamba ɗaya da ta tsohon, 0.9 ko 1.1, a rubuce take a kai. Golf ba ta da murfi a jikin lagireto, na tankin robar nan ne ke wannan aikin.

Lagireto kuma iri biyu ne. Na tsofaffin Fijo 504 da 505 na tagulla ne, mai walda yana like shi da dalma ya ƙara shekaru. Na Corolla da Camry da ire-irensu alminiyam ne mai kan roba, kuma yawanci robar ce ke tsagewa ko ta saki a wurin da aka danne ta. Ana shafa mata gam mai haɗi biyu, amma roba tana buɗewa da zafi ta tsuke da sanyi, gam ɗin ba ya daɗewa. Shawarata a sauya. Su kuma masu fasa ƙwai ko zuba garin barkono a ciki, na san yakan toshe kafa na ɗan lokaci, sai dai bai san kafa daga hanya ba, yana toshe siraran bututun da ruwa ke bi ya huce.

In ɗigon daga bayan fulin famfon ruwa yake, famfon ne ya gaji. A motocin da bel ɗin taimin ke juya shi, a bar wa bakanike. Haka in kafet ɗin gaban mota ya jiƙe, wataƙila hita ce ta fashe a cikin dashbod.

Wajen sake cikawa ne nake roƙon mutane su daina rowa. Ruwan rijiya da na burtsatse suna barin ɓawo irin na cikin butar shayi, suna kuma cin ƙarfe. Ruwan lagireto na galan, wanda aka haɗa rabi da rabi, amfaninsa a wurinmu ba hana daskarewa ba ne, hana tsatsa ne da ƙara jure zafi. A bi irin da kamfanin motar ya ce, kada a gauraya iri biyu. Zuba a hankali, bar murfi a buɗe, tayar da inji da hita a kunne har kumfar iska ta gama fita, tiyon sama ya yi zafi, sannan ka cike ka rufe. Fijo 406 tana da ƴan sukurorin fitar da iska, sai an buɗe su. Kwana uku a jere a duba da safe.

Tsohon ruwan guba ne, ga shi da zaƙi. Kada a bar shi a roba a tsakar gida inda yaro ko akuya za su kai baki, kada kuma a zuba shi a gorar lemo.

To idan kwali ya kwana a bushe amma ruwa na ci gaba da raguwa fa? Duba salansa ko tana farin hayaƙi mai kauri bayan inji ya ɗumama, duba ko baƙin mai ya koma fari-fari mai kauri, ko kumfa na ta ɓullowa a lagireto ba ta tsayawa. Wannan gasket ɗin kan inji ne ya ƙone, ruwa yana shiga ciki. Nan aikin gida ya ƙare. Kashe motar, a jawo ta zuwa gareji da igiya.